Ali Nuhu Daga Fitowa Zuwa Ba da Umarni, da Hausar da Ke Isa Cirozerin

Gawayin ƙasa ne ya raya garin Cirozerin da ke arewa da Agadas. An kafa kamfanin SONICHAR a shekarar 1975 domin haƙar gawayin Anu Araren, kuma a 1981 tashar wutarsa ta fara ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan lantarki, haɗe da birnin Agadas da shi kansa Cirozerin. Wannan aiki ya tara jama'a daga kowane sashe na ƙasa. Ga Abzinawa masu kiwo da noman garka a kwarurrukan Abzin tun kaka da kakanni, ga kuma Adarawa da Gobirawa da Damagarawa da Zabarmawa da Barebari waɗanda neman aiki ya kawo. A ofis da Faransanci ake aiki, a gidajen Abzinawa da Tamajak ake hira, amma a kasuwa da tasha da dandalin yara Hausa ce ke haɗa kowa da kowa.

Yaron da ya tashi a irin wannan gari Hausa biyu yake ji. Akwai ta kasuwa da unguwa, wadda ta gauraya karin Agadas da na Adar da na Damagaram, ta kuma ari kalmomin Faransanci na wurin aiki. Akwai kuma wadda ke fitowa daga akwatin talabijin da wayar hannu, watau Hausar finafinan Kano. Wannan ta biyu ba a koyar da ita a lakwal, ba ta cikin tsarin kowace hukuma, amma duk da haka tana shiga gidaje kowane dare. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, tambayar wace Hausa ce ke kunnen jama'a ta tashi daga hirar masana ta faɗo cikin aikin masu tsara yaƙi da jahilci. Manufar wannan maƙala ita ce duba wannan tambaya ta hanyar bin sawun mutum guda, Ali Nuhu, wanda ya fara da fitowa a fim, ya koma mai ba da umarni da shiryawa, har ya shiga shirye-shirye masu dogon zango.

Waɗanda suka riga shi bin hanyar

Ɗan wasa ya bar gaban kyamara ya koma bayanta ba baƙon abu ba ne a Nijar. Umaru Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935, ya yi soja a Indocin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, a can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Bayan ya dawo gida ya kama kyamara da kansa. An nuna Cabascabo a Cannes a 1969, sa'an nan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Haka Jingare Maiga ya fito a Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan a 1966 kafin ya fitar da nasa L'Étoile noire a 1976. To amma waɗannan finafinai da Zabarmanci da Faransanci aka yi akasarinsu, kuma sun fi samun masu kallo a bukukuwan sinima na ƙasashen waje bisa ga garuruwan arewa. Hausa kuwa ta wata ƙofa ta shiga majigi a Nijar, watau wasan kwaikwayon Damagaram irin na Yazi Dogo da abokansa, wanda rediyo ya fara yaɗawa, Télé Sahel ta ɗauka bayan buɗe ta a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Janet Beik ta yi nazarin waɗannan ƙungiyoyi a littafinta na 1987, inda ta nuna cewa ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba, tare suke gina labarin, kowa ya zo da kalmominsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin zai sake tasowa.

Ɗan garin ma'adinai

An haifi Ali Nuhu a Maiduguri ranar 15 ga Maris 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne a jihar Gombe ta yanzu, mahaifiyarsa kuwa daga Bama take a ƙasar Barno. Ya tashi tsakanin Jos da Kano, ya yi karatun ilmin labarin ƙasa a jami'ar Jos. Abin lura ga masanin harshe a nan shi ne, mutumin da ake kira Sarki a masana'antar finafinan Hausa bai fito daga tsohuwar ƙasar Hausa ta gado ba, Hausar birni ce ta rene shi, irin wadda ke haɗa mutane masu asali dabam-dabam. Jos ma garin ma'adinai ne. Haƙar kuza ce ta tara leburori da ƴan kasuwa a can tun farkon ƙarni na ashirin, Hausa ta zama harshen sansanin aiki, kamar yadda ta zama a Arlit bayan SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom a 1971. Saboda haka yaron Cirozerin da ubansa Ba'abzine ne, uwarsa Ba'adara, idan ya ji Ali Nuhu yana magana, yana jin wanda ya bi irin hanyar da shi yake bi, ko da bai sani ba.

Wannan yana bayyana wani abu a furucinsa. Ali Nuhu yana magana da Hausar Kano a tsanake, ba ya haɗiye gaɓoɓi, yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ sarai, ba ya kuma zurfafawa cikin karin wata unguwa. Hausa ce mai santsi wadda Bagobiri da Bazazzagi da Ba'agadashe za su fahimta ba tare da wahala ba. Wannan baiwa ce, kuma tana cikin dalilan da suka sa ya daɗe yana tashe. Amma tana da farashi, domin harshen da kowa ke fahimta nan take sau da yawa harshe ne da aka tsince wa gishiri.

Ya fara fitowa a Abin Sirri Ne a 1999, shekarar da mujallar Tauraruwa ta ƙirƙiro sunan Kannywood, shekara tara bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Fim ɗin da ya ɗaga shi shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, inda ya fito a matsayin ɗan sarki da ya faɗa soyayya da baiwar gidansu, alhali an tanadar masa ƴar dangi. Abin da jama'a suka riƙe daga Sangaya waƙa ce da rawa, kuma nasarar da ya samu a kasuwa ta sa masu shirya fim suka ɗauka cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Amma wanda ya sake kallonsa da kunnen nazari zai ga cewa labarin yana tsaye ne a kan maganar fada: wa ke durƙusawa ya ce ranka ya daɗe, wa ke da ikon kiran sunan wani kai tsaye, wa ke amsawa da to kawai ya sunkuyar da kai. Tazarar da ke tsakanin ɗan sarki da baiwa a baki take kafin ta bayyana a tufafi. Hausa tana da wadatar irin waɗannan kayan aiki, kuma fim ɗin ya yi amfani da su.

Daga nan ya yi ta fitowa a finafinai masu ɗimbin yawa, ya kuma ƙetara zuwa na kudancin Nijeriya da ake yi da Ingilishi. Sitanda na Izu Ojukwu ya kawo masa kyautar AMAA a 2007, ya fito a Last Flight to Abuja a 2012 da Confusion Na Wa a 2013. Wannan ɓangare bai shafi wannan nazari ba sai ta fuska ɗaya: ya koyo tsarin aiki da rubutaccen labari da jadawali, ya kawo shi gida.

Mai ba da umarni

A ƙarƙashin kamfaninsa FKD, Ali Nuhu ya zama mai shiryawa kuma mai ba da umarni tun yana kan ganiyar fitowa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda finafinan Kano na wannan zamani, har da na FKD, suka riƙa ɗauko ginshiƙin labari daga finafinan Indiya suna yi masa riga da hula. An sha yin wannan suka, ba sai an maimaita ba. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne abin da aron ya yi wa harshe. Labarin da aka gina a Bombai a kan saurayi da budurwa masu bayyana wa juna abin da ke zuciya ido da ido yana bukatar kalmomin da Hausar zaure ba ta saba furtawa a fili ba, domin a can kunya da habaici da aike ne ke ɗaukar wannan nauyi. Masu fim suka cike giɓin ta hanya biyu: waƙa, da kuma Ingilishi. Abin da jarumi ba zai iya faɗa da Hausa ba tare da ya ji nauyi ba, sai ya rera shi, ko ya faɗe shi da harshen Turawa.

Ɗan wasan da ya koma ba da umarni yakan zo da idon ɗan wasa, kuma Ali Nuhu bai kauce wa wannan ba. Kyamararsa fuska take bi. Ya san lokacin da ya kamata a bar jarumi ya yi shiru, ya san yadda ake fito da sabon yaro a sa jama'a su so shi, kuma matasa da dama sun shiga masana'antar ta hannunsa. Mansoor na 2017 ya nuna wannan ƙwarewa: ya ɗauki mawaƙi Umar M. Shareef da sabuwar fuska Maryam Yahaya ya ɗora musu fim gaba ɗaya, kuma suka ɗauka. Labarin, na saurayin da ya gane cewa wanda ya rene shi ba shi ya haife shi ba, ya shiga neman mahaifinsa, ya taɓa jijiyar da ke motsa kowane Bahaushe, watau maganar asali. Sai dai abin da idon ɗan wasa ke gani da kyau shi ne mutum, abin da yakan kuskure shi ne wurin da mutumin yake tsaye. A irin waɗannan finafinai falo ɗaya ne a ko'ina, kujeru ɗaya, mota ɗaya a ƙofar gida, kuma da wuya mai kallo ya san da wace sana'a aka sayi waɗannan abubuwa. Inda babu sana'a babu kalmomin sana'a. Hausar maƙeri da ta mahauci da ta direba da ta ma'aikacin rami ba ta samun shiga, sai a bakin mai gadi ko ɗan aike da aka kawo don ban dariya.

A gidajen masu hali na waɗannan finafinai uba ya zama Dadi, uwa ta zama Momi, ana ba da haƙuri da sori, ana roƙo da filis. Ba za a ce ƙarya aka yi ba, domin akwai gidaje a Kano da Kaduna da Abuja inda haka ake magana. Ingausa gaskiya ce ta zamantakewa, kuma mai fim yana da haƙƙin nuna ta. Illar tana wani wuri. Na farko, mai kallo a Cirozerin wanda bai yi Ingilishi ba, ko da ya yi lakwal har ya ƙare, yana rasa jimloli a daidai inda labari ya yi zafi, tun da a nan ne ake juyawa zuwa Ingilishi. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, fim yana koya wa yaro cewa akwai matakin arziki da ilmi wanda idan mutum ya kai, Hausa ba ta isarsa. Malamin yaƙi da jahilci da ke ƙoƙarin shawo kan ma'aikaci cewa karatu da Hausa karatu ne na gaske yana fama da wannan darasi ba tare da ya san daga ina ya fito ba.

Zango

Kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, saboda satar fasaha da tura finafinai ta waya, da kuma finafinan Indiya da aka yi wa fassarar baki da Hausa. A daidai wannan lokaci tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Gidan Badamasi a 2019, da Labarina na Aminu Saira a 2020, shekarar da Izzar So ya fara fita a YouTube. Ali Nuhu ya bi wannan sauyi ta fuska biyu: ya fito a shirye-shiryen wasu, ya kuma shirya nasa, Alaƙa, a ƙarƙashin FKD.

Kafin a wuce, ya dace a yaba wa wanda ya fara kiran wannan nau'i shiri mai dogon zango, ya kira kowane rukuni na fitowa zango. Ba a fassara kalmar Turawa ba, an koma cikin harshe an ɗauko kalmar fatake. A Abzin, inda ayarin gishiri ke bin hanyar Fashi da Bilma har yanzu, ba a bukatar a yi wa kowa bayanin zango: tafiya ce mai tsawo da ake yankawa, a sauke kaya, a huta, a sake ɗaurawa. Kwamitocin ƙirƙirar kalmomi sun yi shekaru suna fitar da jerin sunayen da ba su bar takarda ba, ga shi kasuwa ta ƙirƙiri ɗaya ta karɓu daga Kano har Arlit cikin ɗan lokaci. Akwai abin koyo a nan game da inda kalma ke samun rai.

Sauyin daga fim zuwa dogon zango ya canja nauyin da ke kan harshe. Fim na sa'a biyu yana iya jingina da waƙa uku ko huɗu da kyawun fuska. Shirin da ke fita kowane mako har tsawon shekaru ba ya iya haka, dole magana ta ɗauke shi, dole kowane mutum a cikinsa ya sami bakinsa da za a gane shi da shi. Wannan ya sa aka koma ga marubuta, kuma da dama daga cikinsu, irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, daga rubutun littattafan hikaya na Kano suka fito. Ke nan abin da Beik ta tarar a Damagaram, wasa ba rubutu, ya juye: yanzu akwai tulin shafuffuka na zance da aka rubuta da Hausar boko, ana haddace su, ana furtawa, sa'an nan a ajiye ba wanda ya buga su.

A wannan fage mai ba da umarni irin Ali Nuhu yana da ƙarfi da rauni a wuri guda. Ƙarfinsa shi ne ya san yadda ake sa zance ya zauna a bakin ɗan wasa har ya zama kamar nasa. Rauninsa shi ne ya shigo da duniyar finafinansa ta dā cikin sabon nau'i: manyan gidaje, gādo, soyayya mai kusurwa uku, sirrin da ake ɓoyewa har zango ya ƙare. Idan aka gwada da Daɗin Kowa, wanda ya gina gari guda da malaminsa da ɗan kasuwarsa da almajirinsa da baƙonsa mai gurguwar Hausa, za a ga bambancin yawan muryoyi. Can ana jin Hausa iri-iri suna gogayya, nan kuwa ana jin iri ɗaya mai kyau tana maimaita kanta.

Abin da kunne ke ɗauka

Hausar yammaci da arewa, wadda akasarin ma'aikatan da suka zo daga Tawa da Maraɗi suka kawo, ta bambanta da ta Kano a wurare sanannu. Alal misali:

Kano: suka tafi, yana zuwa, shi ne, ita ce, na gaya wa Audu.
Yamma: sunka tahi, shina zuwa, shi na, ita ta, na gaya ma Audu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana fahimta. Amma daidaitacciyar Hausa da ake rubuta littattafan koyarwa da ita ta fi kusa da layin farko, kuma a nan finafinan Kano suna yi wa malami aikin da bai biya ba: mai koyo da ya saba jin suka da yana a majigi ba zai yi tuntuɓe da su a takarda ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma ya kamata a faɗe ta kafin a ci gaba da suka.

Matsalar tana cikin kalmomin aro. A Nijar likita wuri ne da ake zuwa neman magani, mai duba marar lafiya kuwa lokotoro ne. A Kano likita mutum ne, wurin kuwa asibiti. Wanda ya rubuta ƙasidar kiwon lafiya don iyalan ma'aikata ya ce a je a ga likita, dole ya san wace ma'ana mai karatu zai ɗauka. Haka lakwal da makaranta, mushe da malam, kuran da lantarki, kaso da kurkuku. Lissafin kuɗi ya fi duka: a kasuwar Cirozerin dala ita ce tamma biyar, dala ashirin ita ce ɗari, jika ita ce dubu, alhali a fim da naira ake ƙirga kai tsaye. Yaro yana riƙe da tsari biyu a kansa, kuma littafin lissafi na manya da bai kula da wannan ba zai rikita wanda ya fi malaminsa iya ciniki.

Abin da ido ke gani

Nan ne laifin ya fi fitowa, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Sunan shirin Ali Nuhu a allo da q ake rubuta shi, ba da ƙ ba. Akwai uzuri, tun da kalmar daga Larabci take kuma da ƙaf take a can, sa'an nan masu rubutu a waya sun saba sa q a madadin ƙ don babu ita a madannai. Amma a rubutun Tamajak na boko q harafi ne mai zaman kansa, da sautinsa na maƙogwaro, saboda haka yaron Cirozerin da ya fara karatu da harshen uwarsa zai furta wani sauti dabam da wanda jarumin ke furtawa. Sunan Mansoor ya fi wannan ban sha'awa. An rubuta shi bisa ƙa'idar Ingilishi. Ɗan Nijar da ya yi lakwal da ou yake rubuta wannan suna. Dattijon da ya koyi karatu da littattafan da aka yi bayan taron Bamako na 1966, inda ake ninka wasali don nuna tsawo, zai karanta shi da dogon o. Ƙa'idar Hausa kuwa Mansur ta ce. Suna ɗaya, rubutu uku, karatu huɗu. Ko Daɗin Kowa ma yawanci ba lanƙwasa ake rubuta shi, har mai son raha ya ce an mai da shi uban kowa, tun da a Hausar fim Dadi uba ne.

Haruffa masu lanƙwasa suna cikin rubutun Hausa tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, kuma taron Yamai na Janairu 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu har bambancin da ya rage bai taka kara ya karya ba, kamar ƴ a nan da 'y a can. Duk wannan aiki allo ɗaya na sunan fim da miliyoyin mutane ke gani yana iya warware shi. Bugu da ƙari, jerin sunayen ma'aikata a farkon fim da ƙarshensa da Ingilishi ake yi, fassarar da ke gudu a ƙasan allo ma da Ingilishi, watau an tanadi rubutu don baƙo, an bar mai harshen da kunne kawai.

Indiya, wadda Kano ta ari waƙa da rawa daga gare ta, tana da wani abin da ba a ara ba. Tun daga 1996 Brij Kothari da abokan aikinsa a Ahmedabad suka fara gwada sa kalmomin waƙoƙin fim a ƙasan allo da harshen da ake rera su, suna haskawa daidai da muryar mawaƙi, daga baya talabijin ta gwamnati ta ɗauka a shirye-shiryenta na waƙoƙi. Hikimar mai sauƙi ce: wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana haɗa baƙi da ƙyar, ba shi da jarida ba shi da littafi, zai karanta abin da ya riga ya haddace ba tare da ya ji yana karatu ba. Babbar matsalar yaƙi da jahilci a garuruwa irin Cirozerin ba koyarwar farko ba ce, abin karantawa bayan an gama ne. Shirye-shirye masu dogon zango sun riga sun mallaki rubutaccen zance, abin da ya rage shi ne a gyara ƙa'idarsa a ɗora shi a allo.

A watan Janairu 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979 kuma hedkwatarta ke Jos, garin da ya tashi. Wanda ya kai wannan matsayi bayan ya riƙe kowace igiya ta sana'ar yana da bakin da zai ce a rubuta sunan fim daidai a ji. Amma ba daidai ba ne cibiyoyin Nijar su zauna jiran Kano. Rayuwar garuruwan ma'adinai ta shiga fim ta hanyar shirye-shiryen gaskiya, kamar Arlit, deuxième Paris na Idrissou Mora-Kpaï da La Colère dans le vent na Amina Weira na 2016, wadda mahaifinta ya yi aikin ramin. An kuma yi fim da Tamajak a Agadas a 2015 tare da makaɗi Mdou Moctar, abin da ke tunatar da cewa ɗaukaka Hausa ba izini ba ne na danne harshen masu ƙasar Abzin. Abin da garuruwan ke da shi na labari ya isa zango goma: rufe ramin COMINAK a Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikacin da ya yi shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa ya rasa inda zai koma, makiyayin da ɗansa ya zama injiniya, matar da ta zo daga Maraɗi ta haifi ƴaƴan da ba su san wani gida ba sai Arlit. Kafin a rubuta wannan, dole a san yadda mutanen ke magana. Aikin farko na masu bincike shi ne ɗaukar muryoyi a kasuwar Cirozerin da unguwannin ma'aikata, daga tsofaffi da matasa, a rubuta su, a ƙirga inda ake cewa sunka da inda ake cewa suka, da wanda ke cewa likita yana nufin gini da wanda ke nufin mutum.